Me Na Zo Yi Duniya? Jagora Ga Kirista Mai Neman Manufar Rayuwarsa

Tambayar nan ba ta cika zuwa wa mutum a majami'a ana tsakiyar waƙa ba. Ta fi zuwa da dare, bayan an ɗauke wuta, gida ya yi tsit, mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Tana zuwa wa saurayin da ya gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce yana ta yawo da takardu ofis-ofis, tana zuwa wa uwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen reno har 'ya'yan suka girma suka watse, tana kuma zuwa wa dattijon da ya cika shekara 35 a aikin gwamnati aka yi masa liyafar sallama, washegari ya tashi da asuba kamar yadda ya saba, ya rasa inda zai nufa. Kowannensu da irin kalmominsa, amma tambayar ɗaya ce: me na zo yi duniya, kuma wahalar nan da nake sha ta mece ce?

Abin da bangaskiyar Kirista take koyarwa a nan ya saɓa wa shawarar da take yawo a wayoyinmu, inda ake ce wa mutum ya leƙa cikin zuciyarsa ya ƙago wa kansa manufa. A Littafi Mai Tsarki manufar mutum kira ne, kira kuwa sai da mai kira, saboda haka aikin mai nema shi ne ya koyi saurare, ya kuma bi abin daki-daki. Yawancin waɗanda na ga sun ruɗe a wannan hanya sun ruɗe ne domin sun fara da tambayar da ya kamata ta zo daga baya, wato wane aiki za su yi, alhali ba su warware wadda ta riga ta ba, wato su na wane ne. Matakan da ke biye an jera su ne bisa wannan tsari, kuma wanda ya bi su da gaske zai ɗauki wata huɗu ko fiye. Kayan tafiyar kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, da littafin rubutu wanda ba a haɗa shi da lissafin cefane ba, da rabin awa kowace rana, da manya biyu ko uku masu tsoron Allah waɗanda za su iya gaya maka gaskiya. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa ma da ke nake.

Mataki na farko: ka san ainihin abin da ke damunka

Kafin a nemi magani sai an san ciwo. Ba duk wanda ya ce rayuwarsa ba ta da ma'ana ne yake fama da tambayar ma'ana ba. Wani gajiya ce ta yi masa yawa, wani bashi ne ya hana shi sukuni, wani kuwa ya ga hoton abokin karatunsa ne a Facebook yana tsaye a jikin mota sai zuciyarsa ta karaya. Ka tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan karawarsa da annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko masa bai fara da wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci, sa'an nan ya kama tafiyar kwana 40 zuwa Horeb inda Allah ya yi magana da shi. Saboda haka a mako na farko ka rubuta abin da ke damunka da sunansa, ba tare da ka yi masa ado da kalmomin coci ba. In rashin aiki ne ka rubuta rashin aiki, in hassada ce ka rubuta hassada, in kuma fushi kake yi da Allah saboda mutuwar wani naka, ka rubuta haka, gama masu Zabura sun faɗi abin da ya fi wannan zafi, Zabura ta 88 ma da maganar duhu ta ƙare.

Daga nan ka karanta littafin Mai Hadishi, wanda tsohuwar fassara ta kira Mai-Wa'azi, sura ɗaya kowace rana har kwana 12. Na fi son a fara da shi domin ba ya lallashin mai karatu. A sura ta 2 marubucin ya lissafa gidajen da ya gina, da gonakin inabi, da lambuna, da tafkuna, da azurfa da zinariya, da mawaƙa, ya ce bai hana idonsa komai ba, amma da ya waiwaya sai ya ga duk banza ne, kamar mai ƙoƙarin kama iska. Wanda bai samu ba yana zaton samu ne zai warkar da shi, to ga wanda ya samu yana ba da shaida. A sura ta 3 aya ta 11 kuma ya faɗi dalili, cewa Allah ya sa tunanin dawwama a zuciyar ɗan Adam, shi ya sa abin da yake ƙarewa ba ya cika ta.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Idan baƙin cikin ya kai makonni yana hana ka ci da barci, ko kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, ka gaya wa wani amintacce yau, ka kuma ga likita. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma sauran matakan za su jira ka.

Mataki na biyu: ka warware maganar ko kai na wane ne

Farawa sura 1 ta ce an halicci mutum, namiji da mace, cikin kamannin Allah, kuma an faɗi wannan ne tun mutum bai yi aikin kwana ɗaya ba. Darajarka ke nan ta riga takardar shaidarka da albashinka da aurenka da haihuwarka. Afisawa 2:8-10 ta bi wannan jeri sau da ƙafa: da farko ceto ta wurin alheri, kyauta ce ba ladan aiki ba, bayan haka ne aka ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da ya riga ya shirya. Wanda ya juya jerin, yana neman aikin da zai sa ya zama wani abu a gaban Allah da mutane, ba zai huta ba ko da an naɗa shi shugaban ikilisiya.

Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a yankin da yake cikin Aljeriya a yau, ya san wannan da jikinsa. Ya koyar da fasahar magana a Kartaj da Roma da Milan, ya yi suna, amma bai sami natsuwa ba har aka yi masa baftisma a 387, daga baya ya zama bishop na Hippo. Shi ne ya rubuta addu'ar nan da ta shahara, cewa Allah ya yi mu domin kansa, zuciyarmu kuwa ba ta hutawa sai ta huta a cikinsa. Katikisman nan, wato littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, da aka tsara a Westminster ta ƙasar Ingila a 1647 shi ma da wannan batu ya buɗe, inda ya amsa cewa babbar manufar mutum ita ce ya ɗaukaka Allah ya kuma ji daɗinsa har abada. Rabin amsar na biyu ne muka fi mantawa, mu da aka rene mu da jin cewa bin Allah ɗaukar kaya ne kawai.

Aikin wannan mataki ɗaya ne, amma yana da ciwo. Ka rubuta wannan jimla ka cika ta da gaskiya: "In aka ɗauke mini kaza, ba ni da sauran amfani." Abin da ka sa a gurbin, ko aiki ne, ko ɗa, ko suna a unguwa, ko muƙami a ƙungiyar mawaƙa, shi ne yake zaune a kujerar da ta Allah ce. Yesu ya ba da misalin wani mai arziki a Luka 12 wanda gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya ci ya sha ya huta, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Noman nasa ba laifi ba ne, rumbun ma ba laifi ba ne. Wautar ita ce ya jingina ransa da rumbu. Ka kai abin da ka rubuta gaban Allah cikin tuba, in kuwa ba ka taɓa ba da kanka ga Almasihu da saninka ba, sai dai an haife ka a gidan Kirista an ba ka suna daga Littafi, to a nan ne ya kamata ka zauna da fasto ko wani dattijon ikilisiya ku yi maganar a fili.

Mataki na uku: ka fara da nufin Allah da aka riga aka bayyana

Mutane da yawa suna azumi don Allah ya bayyana musu ɓoyayyen nufinsa, alhali bayyanannen yana ajiye ba su taɓa shi ba. Da aka tambayi Yesu doka mafi girma a Markus 12, ya ce a ƙaunaci Allah da dukan zuciya da rai da hankali da ƙarfi, a kuma ƙaunaci maƙwabci kamar kai. Mika 6:8 ta ce a yi adalci, a so jinƙai, a yi tafiya da Allah cikin tawali'u. Wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa ta kira abu biyu nufin Allah da bakinta, wato tsarkin rai a 4:3 da godiya cikin kowane hali a 5:18. Ba wanda yake bukatar mafarki kafin ya san waɗannan.

Ka zaɓi abu ɗaya tak daga ciki wanda ka san kana bin sa bashi, ka sa masa rana. In akwai ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa saboda rabon gado, ka je gidansa, tun da zumunta a ƙafa take. In akwai kuɗin wani a hannunka, ka fara biya ko da kaɗan-kaɗan. In mudun da kake awo da shi a kasuwa yana da rangwame, ka sake shi. Dalilin da ya sa wannan mataki ya riga neman baiwa shi ne, kunnen da ya saba ƙin jin abin da aka faɗa a sarari ba zai iya rarrabe muryar Allah da ta son zuciya ba a ranar da babbar shawara ta taso.

Mataki na huɗu: ka gyara fahimtarka game da kalmar kira

A ikilisiyoyinmu da zarar an ce wane ya sami kira, abin da kowa yake ji shi ne zai tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ya zama fasto ko mai bishara. Wannan fahimta ta yi ɓarna iri biyu. Ta tura waɗansu bagade alhali ba wurinsu ba ne, ta kuma bar manomi da ungozoma da tela da direba suna ganin aikinsu na kwana shida neman abinci ne kawai, Allah kuwa sai ranar Lahadi. Aikin fasto kira ne mai nauyi, ban rage masa komai ba, amma ba shi kaɗai ba ne.

Aikin farko da aka ba ɗan Adam, tun kafin zunubi ya shigo, noma ne da tsaron gona, kamar yadda Farawa 2:15 ta nuna. A Fitowa 31 Allah ya ce ya kira Bezalel da sunansa ya cika shi da Ruhunsa, kuma abin da aka cika shi domin ya yi shi ne aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka 3 suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su ƙwaci na kowa ko su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni 9, ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, amma da ta mutu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Bulus da kansa ya zauna da Akila da Biriskila a Koranti suna ɗinkin tanti. Ubangiji Yesu kuwa mutanen garinsu da masassaƙi suka san shi, kuma yana da shekara wajen 30 ya fara hidimarsa a fili, wato mafi yawan shekarunsa a duniya a bakin sana'a ya yi su. A 1520 Martin Luther ya tayar da wannan koyarwa a Jamus, yana cewa baduku da maƙeri da manomi kowa yana da aikinsa da matsayinsa, kuma dukansu keɓaɓɓu ne ga Allah ta wurin baftisma ɗaya.

Abin yi a nan shi ne ka ɗauki aikin da yake hannunka yanzu, ko da ba shi kake so ba, ka amsa tambaya biyu a rubuce. Wane ne yake amfana idan na yi shi da kyau, kuma wane ne yake cutuwa idan na yi ha'inci? Malamar firamare za ta ga yara 60 ko fiye da za su iya karatu ko su kasa saboda ita. Makanike zai ga rayukan da ke cikin motar da ya ɗaure wa birki. Uwar gida za ta ga mutanen da halinsu yake ginuwa a tsakar gidanta. Kolosiyawa 3:23, wadda ta ce a yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji ake yi wa, bayi aka rubuta wa ita tun farko, mutanen da ba su zaɓi aikinsu ba sam.

Mataki na biyar: ka ƙidaya abin da aka ba ka, sa'an nan ka gwada shi

Yanzu ne lokacin tambayar da kowa yake ɗokin yi. Ka karanta Romawa 12, da 1 Korantiyawa 12, da 1 Bitrus 4:10-11, za ka ga cewa cikin baye-bayen Ruhu har da taimako, da bayarwa, da gudanarwa, da ƙarfafa zuciya, da jinƙai, waɗanda ba a yi musu tafi. Sai ka raba shafi gida huɗu. A na farko ka rubuta abin da kake iyawa wanda yake yi wa waɗansu wuya. A na biyu ka rubuta irin matsalar da in ka gani ba ka iya kau da kai, ko yaran da ba sa zuwa makaranta ne, ko tsofaffin da ba mai leƙa su, ko matasan da ƙwaya ta cinye. A na uku ka rubuta abin da yake hannunka, kamar ilimi, da fili, da harsunan da kake ji, har da wahalar da ka sha ka fita, domin wanda ya taɓa zaman makoki ya san abin da ba a faɗa wa mai makoki. A na huɗu ka rubuta nawayar da ke wuyanka, iyaye ne ko mata ko 'ya'ya ko ƙanne, gama 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da iyalinsa, kuma kiran da zai sa ka bar su da yunwa yana bukatar bincike sosai.

Kada ka tsaya ga shaidar da ka ba kanka. Ka je wurin manyan nan biyu ko uku, kowa shi kaɗai, ka ce, "Baba, a ganinku ina ne Allah yake amfani da ni, kuma ina ne nake yaudarar kaina?" Ka yi shiru ka rubuta, kada ka kare kanka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma in mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗi abu ɗaya, ka riƙe shi da kyau.

Daga nan sai gwaji, domin baiwa ba ta bayyana a takarda. Ka zaɓi hidima ɗaya ƙarama da ta dace da abin da ka gano, ka ɗaure kanka da ita wata uku cur ba fashi: ajin makarantar Lahadi, ko ziyarar marasa lafiya tare da Zumuntar Mata, ko koya wa yaran unguwa lissafi da yamma, ko riƙe littafin kuɗin wata ƙungiya. In wata ukun suka cika, ka duba ko mutane sun amfana da gaske, ko gajiyar da kake yi irin ta manomi ce da ya ga kunya ta miƙe ko kuwa irin ta mai ɗibar ruwa da kwando, da kuma ko za ka ci gaba in ba wanda ya gode maka. In gwajin bai yi ba, ba asara ka yi ba, ka rage hanya ɗaya ne daga cikin waɗanda za su ɓata maka lokaci. A misalin talanti na Matiyu 25, bawan da aka hukunta shi ne wanda tsoro ya sa ya binne nasa.

Mataki na shida: yadda za ka yanke babbar shawara

Wata rana zaɓi zai tsaya a gabanka, ko na aure, ko na barin gari, ko na sauya sana'a, ko na shiga aikin bishara ɗungum. Ka fara da tambayar ko Maganar Allah ta hana, in ta hana magana ta ƙare komai daɗin da zuciya take ji. In ba ta hana ba, ka roƙi hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ta ce, ka keɓe kwana ɗaya ko uku na azumi in lafiyarka ta yarda, ka nemi shawara, ka yi lissafin kuɗi da na iyali da alƙalami, sa'an nan ka sa wa kanka ranar yanke hukunci. Rashin sa rana ne yake mai da jiran Ubangiji ya zama mafakar ragwanci.

Dole in yi magana a kan annabce-annabcen da suka yi yawa a zamanin nan, inda ake tara mutane ana gaya wa kowa ƙaddararsa, wani lokaci har da farashi. Littafi bai hana annabci ba, amma 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi, mutanen Biriya kuwa an yabe su domin sun riƙa bin Littattafai kowace rana suna auna maganar Bulus kansa. Duk wanda ya ce ka saki karatunka ko ka auri wance saboda wahayin da shi kaɗai ya gani, kuma ya hana ka tambayar kowa, ka yi nesa da shi. Ko Barnaba da Shawulu, wato Bulus, a Ayyukan Manzanni 13, cikin taron ikilisiyar Antakiya ana sujada da azumi aka keɓe su, jama'a suka ɗora musu hannu suka sallame su.

Kada kuma ka jira sai an nuna maka hanyar gaba ɗaya. A sura ta 16 ta littafin nan Bulus ya so yin wa'azi a Asiya aka hana shi, ya nufi Bitiniya aka sake hana shi, sai da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Yana cikin tafiya aka karkata shi. In ka yanke shawara da zuciya mai gaskiya, ka ce "in Ubangiji ya yarda" yadda Yakubu 4:15 ta koyar, ka ɗaga ƙafa.

Mataki na bakwai: in aka daɗe ba ka ga komai ba

Wannan mataki na waɗanda suka yi duk abin da aka faɗa ne amma ƙofa ta ƙi buɗuwa, da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, da matan da aka bari da marayu. Ba zan ce musu kowace masifa tana da bayanin da za a gane a duniya ba, gama Ayuba bai sami bayani ba, Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka ce masa alherin ya isa. Ayar nan ta Irmiya 29:11 da ake mannawa a motoci, mai maganar shirin alheri da sa zuciya, mutanen da aka kwashe zuwa Babila aka rubuta wa, kuma ayar da ta riga ta ta ce sai shekara 70 sun cika, wato da yawa daga cikin masu sauraron ba za su ga komowar ba. Abin da aka ce su yi kafin nan shi ne su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da labarinsa da 'yan'uwansa ya fara, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma sai bayan mutuwar mahaifinsa Yakubu ya iya cewa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufa da alheri.

Tarihin ikilisiyar ƙasarmu ma yana da irin wannan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. A 1894 cuta ta kashe Gowans da Kent ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba, Bingham ya koma gida da rashin lafiya, yunƙurinsa na biyu ma ya faskara, sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda zai auna rayuwar mutum biyun nan a ranar da aka binne su zai ce asara ce.

A irin wannan lokaci ka rage buri zuwa abin da rana ɗaya za ta ɗauka. Kada ka bar taron masu bi ko da ba ka jin komai, ka riƙe aiki ɗaya na taimakon wani, ka kuma daina auna kanka da tsararka. Da Bitrus ya tambayi Yesu abin da zai faru da almajiri Yahaya, amsar da ya samu a Yahaya 21 ita ce ina ruwansa, shi dai ya bi.

Mataki na takwas: ka riƙa waiwaye

Ignatius na Loyola, wani firist na ɗarikar Katolika wanda ya rasu a 1556, ya koya wa almajiransa binciken zuciya na kowace rana, kuma Kirista na kowace ɗarika zai iya amfana da shi. Kafin ka kwanta ka ɗauki minti goma, ka gode don abu ɗaya takamaimai, ka bi ranar daga safe zuwa dare kana duba inda ka amsa wa Allah da inda ka kauce, ka nemi gafara, ka miƙa masa gobe. Layi biyu a littafinka sun isa.

Sau ɗaya a shekara kuma, ko a ranar haihuwarka ko a makon ƙarshe na Disamba kafin sujadar shiga sabuwar shekara, ka keɓe yini guda ka karanta Zabura ta 90, sa'an nan ka karanta littafin naka daga farko. Ka sake cika shafin nan mai gida huɗu, domin abin da ke hannun mai shekara 25 ba shi ne a hannun mai 60 ba, nawayar da ke wuyansu ma ta bambanta. Ka koma wurin manyan da ka tambaya bara, in suna da rai, ka karanta musu abin da suka gaya maka, ka tambaye su ko sun ga canji. In ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya, ka nemi wani ya maye gurbinsa kafin watan Janairu ya fita.